Sujada, Bangaskiya da Almajiranci: Tarihin Hausar Ibada a Wurin Kiristoci

Kowace ranar Lahadi, tun daga Tsibiri da Galmi a Jamhuriyar Nijar har zuwa Kagoro da Gindiri da Numan da Garkiɗa a Nijeriya, jama'a masu ɗimbin yawa sukan taru su yi addu'a da waƙa, su saurari karatu da wa'azi, duk cikin harshen Hausa. Akasarin waɗannan mutane ba Hausa suka sha a nono ba, amma da ita ake ɗaura musu aure, da ita ake raɗa wa 'ya'yansu suna, da ita kuma ake yi musu jana'iza. Masana sun yi aiki mai yawa a kan Hausar waƙoƙin jihadi da ta makaɗan fada da ta maroƙa, har ma da ta 'yan tasha, amma wannan Hausa ta ibadar Kirista ba ta sami rabonta na nazari ba. Wasu ma sukan yi mata kallon gurɓatacciya, su kira ta "Hausar Mishan" su wuce. Wannan kuwa ganganci ne ga mai nazarin harshe, domin Hausa ce da ta shafe fiye da shekara 160 a rubuce, kuma manyan kalmominta ba daga sama suka faɗo ba, zaɓensu aka yi, wani lokaci bayan doguwar gardama. Uku daga cikinsu, watau sujada da bangaskiya da almajiranci, a kansu koyarwar ta tsaya, tarihinsu kuwa ya isa ya nuna yadda al'amarin ya gudana.

Daga Saliyo zuwa Zariya

Wanda ya fara sa hannu a wannan aiki shi ne J. F. Schön, wani Bajamushe ma'aikacin ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila da ake kira C.M.S. Ya fara tsintar Hausa ne daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, ya shiga tafiyar nan ta binciken kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, sa'an nan ya buga ɗan littafinsa na kalmomin Hausa a 1843. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba har ya mutu a 1889. Babbar sa'arsa ita ce komawar Heinrich Barth Turai a 1855 tare da samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne ɗan ƙasar Damagaram, kuma da taimakonsa ne Schön ya fitar da Bisharar Matta a 1857, ya ci gaba da aiki har Sabon Alkawari ya fito a 1880. A Lakwaja kuma Dokta Baikie ya fassara Zabura, ko da yake ba a buga ta ba sai bayan rasuwarsa.

Dorugu gwani ne wajen ba da labari, kamar yadda duk wanda ya karanta tarihin rayuwarsa a cikin Magana Hausa zai shaida. Amma fa yaro ne da aka kama bauta tun bai kai ga zurfafa karatu ba, saboda haka Hausar da ya ba Schön ta gida da gona da hanyar fatake ce. Hausar zauren malamai, wadda a cikinta ake fassara tauhidi da fiƙihu, ba ta hannunsa. Sai a ƙarshen ƙarnin, bayan C. H. Robinson ya je Kano a 1894 ya tattaro rubutattun waƙoƙin addini na ajami ya buga su a 1896, sa'an nan 'yan mishan suka fahimci cewa ba fili suka tarar ba. Hausa ta riga ta mallaki harshen addini cikakke, mai kalmomin zunubi da tuba da hisabi da aljanna da wuta, wanda malamai suka yi ɗaruruwan shekaru suna gogewa. Tambayar da ta rage musu ita ce: a ɗebi wannan dukiya a yi aiki da ita, ko kuwa a guje ta don kada ma'anar da take ɗauke da ita ta rinjayi sabuwar koyarwa? Duk tarihin da ya biyo baya kai-da-kawowa ne tsakanin waɗannan amsoshi biyu.

A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar zuwa Kano, cikinsu har da wani matashin likita mai suna Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wurin fatake da alhazai. Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci ba, ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Ryder, ya mutu. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addini ba, jami'an da suka biyo bayansa kuwa suka riƙe wannan alkawari a matsayin hujjar hana mishan shiga biranen sarakuna. Zariya ta fita daban, domin Miller ya sami zama a cikin birni daga 1905, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Miller mutum ne mai wuyar sha'ani. Ya ƙaunaci talakawa da harshensu, ya ƙi jinin mulkin sarakuna, bai kuma iya ɓoye ko ɗaya ba. Ya yi ta sa-in-sa da jami'an mulkin mallaka, kuma zamansa da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda shi ma gwanin harshe ne kuma mawaƙi, bai ƙare da daɗi ba. Amma ko maƙiyansa ba su musa cewa ya ji Hausa ba. Abin da ya bambanta shi da Schön shi ne ya zauna cikin masu harshen shekara da shekaru, yana jin yadda malami ke magana da yadda tsohuwa ke magana.

Isawa da Gimi

A 1913 wani abu ya faru da ya ba 'yan mishan mamaki. Wasu mutane suka zo wurin Miller suka ce su mabiyan wani malami ne na Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda ya rayu a tsakiyar ƙarni na 19. Bisa ga labarin da suka bayar, malamin ya yi ta nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa har ya kai ga ba shi matsayin da sauran malamai ba su yarda da shi ba, ya tara almajirai, aka neme shi ya janye ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kano. Mabiyansa suka watse zuwa ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci, musamman wajen Ningi, wadda tun zamanin Malam Hamza na Tsakuwa ta zama mafakar malaman da suka saɓa da fadar Kano. Su ne ake kira Isawa ko Bani Isra'ila.

Wajibi ne a yi hattara da wannan labari, domin yawancinsa ta hannun Miller ya iso ga masu tarihi, shi kuwa yana da dalilin ganin Isawa a matsayin Kiristocin da ke jiran bishara. Ian Linden, wanda ya bi diddigin al'amarin a shekarun 1970, ya fi danganta shi da zaman jiran Mahadi da saukowar Annabi Isa a ƙarshen zamani, wanda ya cika ƙasar Hausa a wancan ƙarni. Ko wanne ne daidai, abin da ya shafi harshe a fili yake. Waɗannan mutane masu karatun allo ne, sun zo da Hausar addini a bakinsu, ba Bature ne ya koya musu kalmar tuba ko almajiri ba. Waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu aka tara su a Gimi a 1914, ƙarƙashin kulawar W. A. Thompson, wani baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma. Ƙauyen bai yi tsawon rai ba, ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya yi masa kaca-kaca cikin 'yan shekaru, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. Da aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa a 1929, zuriyarsu na cikin waɗanda suka kafa garin.

Majami'ar St. Bartholomew da aka gina a Wusasa a wannan shekara ita kanta hujja ce. Da tubali da ƙasa magina Hausawa suka yi ta, da bakan gizo da azara irin na soron sarakuna da masallatan birni. Jama'ar da ke sujada a cikinta suna sa riga da hula, ana kiran manyansu Malam. Daga wannan ƙaramin gari ne Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East, ɗan wannan gida ne.

A cikin irin wannan jama'a aka tace fassarar da ta fito a 1932, watau Littafi Mai Tsarki na farko cikakke da Hausa. Sunan Miller ne ya yi fice a kanta, tare da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, amma duk wanda ya san yadda ake fassara ya san cewa Bature ba ya zaɓar kalma shi kaɗai. Malaman da suka zauna da shi suna cewa "ba a faɗin haka" sun yi rabin aikin, tarihi kuwa bai yi musu adalci ba.

Kalmomin uku

Sunan Allah bai jawo wata gardama mai tsawo ba. Tun fassarorin farko da shi aka yi aiki, gama babu wani sunan da Bahaushe, Musulmi ko Bamaguje, ya san Mahalicci da shi. (A ƙasar Malesiya sai da aka kai ga kotu kan ko jaridar Katolika na da ikon rubuta wannan suna, abin da bai taɓa zama batun shari'a a ƙasar Hausa ba.) Haka nan Ubangiji, kalmar Hausa tsantsa daga uba da giji, watau gida, wadda asalinta mai gida ko mai mallakar bawa take nufi. Wurin ibada ne aka fara zaɓe.

Kalmar da ta fi kusa ga hannu ita ce salla, amma ba a ɗauke ta ba. Salla tana da lokatai da alwala da alƙibla da raka'o'i ƙidayayyu, koyarwar Kirista kuwa, musamman ta ƙungiyoyin da suka yi aiki a Arewa, ta nace cewa bauta ba ta rataya ga wuri ko sa'a ko tsayuwar jiki ba. Hujjarsu ita ce hirar Yesu da matar nan Basamariya a bakin rijiya, inda ya nuna mata cewa ba dutsen kakanninta ko Urushalima ne abin dubawa ba, zuciyar mai bautar ce. Saboda haka aka raba aikin gida biyu: addu'a ta ɗauki roƙo da godiya, sujada ta ɗauki taron jama'a gaba ɗaya. Abin lura a nan shi ne an gudu daga salla an faɗa kan gaɓa mafi ƙarfi a cikinta. A bakin Musulmi sujada ita ce sa goshi a ƙasa, a bakin Kirista kuwa ta zama awa biyu na waƙa da karatu da wa'azi da baiko, mutane na zaune a kan benci, ba wanda goshinsa ya taɓa ƙasa. Kalmar ta bar jiki ta koma ga niyya. Mai nazarin ma'ana zai kira wannan faɗaɗa ma'ana, amma faɗaɗawa ce da aka yi da gangan don ta ɗauki aƙida. Duk da haka salla ba ta fita gaba ɗaya ba, domin a bakin talakawa har yanzu akan ji "sallar Kirsimeti", inda salla ke nufin biki da sabon ɗinki da rabon abinci ga maƙwabta.

Wurin taron ma an bambanta shi da masu taron. Ginin shi ne majami'a ko masujada, daga baya coci ta shigo daga Ingilishi ta mamaye bakin jama'a. Mutanen kuwa su ne ikkilisiya, kalmar Girkanci da aka ɗauko ɗungurungum, har yau ba a daidaita rubutunta ba, wasu na rubuta ekklesiya, wasu ikilisiya.

Bangaskiya ta fi sujada ban sha'awa, domin a nan an bar kalmar Larabci an ɗauki ta gida. Imani na nan, kowa ya san shi. Sai dai imani a Hausa ya riga ya yi rassa: in an ce wane ba shi da imani, sau da yawa ana nufin ba shi da tausayi ne, ba a maganar aƙidarsa. Bangaskiya kuwa ginin Hausa ne irin na bankwana da bangirma da banhaushi, watau ba da gaskiya. Kuskure ne a ɗauka 'yan mishan ne suka ƙirƙiro ta, gama da "ba da gaskiya" malaman zaure ke fassara imani ga ɗalibansu tun kafin zuwan Turawa. Abin da fassarar ta yi shi ne ta ɗauke ta daga matsayin mai bayani ta ɗora ta a kan kujerar kalmar da take bayyanawa. Kuma ta dace da abin da ake son faɗi. Wanda ya ba mutum gaskiya ya amince da shi ne, ya saki jiki da maganarsa, koyarwar Bulus kuwa ita ce mutum ba ya samun karɓuwa wurin Allah ta yawan ayyukansa, sai ta dogara ga abin da Almasihu ya riga ya yi dominsa.

A nan ne wata kalma ta huɗu ta shigo da matsalarta, watau alheri. Da ita aka fassara wannan baiwa ta Allah da ba a saye, ba a kuma cancanta. Amma alheri a al'adar Bahaushe yana tafe da sakayya. Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ana kuma cewa alheri gadon barci ne, duka biyu suna nuna cewa mai yin sa zai girba. Wanda aka yi wa alheri a biki ya san akwai ranar ramawa. Saboda haka mai wa'azi da Hausa kullum yana cikin aikin kwance wannan ƙulli, yana nanata cewa wannan alherin ba biki ba ne, ba a rama shi. Ko ya ci nasara ko bai ci ba, wannan wani zance ne, domin wasiƙar Yakubu da ke cikin littafin nan guda ta yi gargaɗi cewa bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba ba ta da rai, jama'a kuwa sun fi saurin kama wannan ɓangare.

Almajiri ita ce kalmar da ta fi kowace zama daram, har mai karatu zai yi tsammani don wannan aiki aka yi ta. Asalinta Larabci ne, almuhajir, wanda ya yi ƙaura. A ƙasar Hausa almajiri shi ne wanda ya bar gidan ubansa ya bi malami, yana yi masa hidima, yana cin abin da ya samu, yana koyon karatu da hali a lokaci guda. Da aka zo ga mutum goma sha biyun nan da suka bar taru da jirgi da teburin karɓar haraji suka bi Yesu gari gari, har ya aike su ba jaka ba guzuri, su ci abin da aka ba su a gidan da ya karɓe su, Bahaushe bai bukaci a yi masa wani dogon bayani ba. Turawan da suka kawo littafin sai sun yi tafsiri kafin jama'arsu su gane wannan irin zama, Bahaushe kuwa yana ganinsa a ƙofar gidansa. Ga Isawa musamman, waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura ta gaske saboda malaminsu, kalmar tarihinsu ce.

Daga baya kalmar ta rabu biyu. A titi da jaridu almajiri ya koma yaro mai kwano da tsumma, har ana ce wa kowane mabaraci almajiri, gwamnatoci na ta shelar za su kawar da almajiranci. A cikin majami'a kuwa fasto na tsaye yana roƙon jama'a su zama almajirai na ƙwarai, ana shirya tarurrukan almajirantarwa. Tsohuwar darajar kalmar, wadda har yanzu manyan malaman Musulunci ke nufi in sun kira kansu almajirai don tawali'u, ta sami wurin ɓuya a inda ba a zata ba. Ba ita kaɗai ba ce. Jibi, tsohuwar kalmar abinci wadda lafazi ne kawai ya raba ta da jibi ta bayan gobe, ba a cika jinta a kasuwa ba yanzu, amma tana nan a Jibin Ubangiji. Haka "gama" mai ma'anar domin.

Littafin ya sami wasu masu shi

An yi fassarar 1932 ne da nufin Hausawa Musulmi, amma ba su ne suka karɓe ta ba. Ƙungiyar S.I.M., wadda ta soma a 1893, da S.U.M., wadda ta kafa zangonta na farko a Wase a 1904, da mishan na 'Yan'uwa da suka sauka Garkiɗa a 1923, duk sun sami kansu cikin ƙabilu masu harsuna barkatai, ba su da ma'aikatan da za su fassara littafi cikin kowanne. Hausa kuwa ta riga ta shiga waɗannan wurare ta hanyar fatauci da mulkin En'e da haƙar kuza. Sai ta zama harshen makarantun horar da masu bishara, irin ta Gindiri da aka buɗe a 1934. Sunayen ikkilisiyoyin da suka tsiro sun isa shaida: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan da aka kafa a 1955, wadda ta koma TEKAN. Hausawan da suka shigo daga baya yawancinsu Maguzawa ne na ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, sai waɗanda suka bi ta asibitocin kutare da aka danƙa wa mishan a ƙarshen shekarun 1930, da kuma jama'ar Maraɗi da kewayenta, waɗanda Barbara Cooper ta rubuta tarihinsu a 2006.

Wannan ya sa wasu ƙabilu suka biya farashi mai tsada. Mutanen da kakanninsu suka hau duwatsu don gudun mahaya dawakin sarakuna, jikokinsu suka wayi gari suna yi wa Allah magana da harshen mahayan, nasu harshen yana ja da baya. Ƙoƙarin da ake yi tun shekarun 1970 na fassara Sabon Alkawari cikin ƙananan harsuna martani ne ga wannan.

A waɗannan wurare ne almajiranci ya sauko daga littafi ya shiga zaman yau da kullum. Sunan da Kiristoci suka fi kiran kansu da shi shi ne "masu bi", bi kuwa a Hausa ta haɗa tafiya a bayan mutum da yi masa biyayya. Wanda ya tuba yakan shiga ajin masu neman baftisma, a wurare da yawa sai ya iya karatun Hausa kafin a yi masa, abin da ya sa yaƙi da jahilci ya riga gwamnati isa ƙauyuka da dama. Ana sa ran ya bar giya da tsafi, ya kiyaye Lahadi, ya tara iyalinsa addu'ar safe da ta dare, ya fitar da zakka daga amfanin gonarsa. Wannan ta ƙarshe ba ta zo wa manomi da baƙunta ba, domin ɗaya bisa goma da littafin ya ambata daidai take da zakkar hatsin damina da maƙwabcinsa Musulmi ke fitarwa. Wanda ya yi laifi a sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi Jibi har ya nuna tuba. Mafi tsananin dokokin ita ce ta aure. Taron bishop-bishop na Lambeth ya yanke a 1888 cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba, ba a sassauta ba sai a 1988, sauran ƙungiyoyi ma sun bi wannan tafarki. Dattawa da yawa sun mutu suna zuwa sujada ba tare da baftisma ba don sun ƙi korar iyayen 'ya'yansu, kuma da wuya a ce su ne suka yi kuskure. Abin mamaki ne a ce masu wa'azin ceto ta wurin alheri kaɗai su ne suka kafa shingen dokoki mai tsawo haka, har arne da Musulmi suka fi gane mai bi ta abin da ba ya yi.

Waƙa ma ta bi irin wannan hanya. Littafin Waƙoƙi cike yake da fassarar waƙoƙin Ingila da Amurka a kan muryoyinsu na asali, waɗanda ba su san da dogon wasali ko karin sautin Hausa ba, sai ka ji an ja gajeriyar gaɓa an taƙaita doguwa. Kunnen da ya saba da ma'aunin rubutacciyar waƙa ba ya jin daɗinsu, ko da yake masu rera su sun ɗauke su kayan gado. 'Yan mishan na farko sun hana ganga don suna ganin ta tsafi ce. Matan Zumunta ne suka komo da kiɗa cikin sujada, da tukwanensu da cakinsu da salon bayarwa da amshi, kuma a waƙoƙinsu ne Hausar ikkilisiya ta fi sakin jiki.

Gyaran fassara da rigimar sunaye

Fassarar 1932 ta fito kafin a tsai da haruffa masu lanƙwasa da sauran ƙa'idojin rubutun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa daga 1939, jimlolinta kuma sun bi na Ingilishi sau da ƙafa a wurare da yawa. Saboda haka a shekarun 1950 aka komo da G. P. Bargery Kano, mai ƙamusun nan na 1934, wanda shi ma ɗan C.M.S. ne tun farko, don ya duba aikin sabuwar fassara. Aikin ya daɗe, cikakken littafin bai fito ba sai a ƙarshen shekarun 1970, kuma a wannan karo 'yan ƙasa suna da babbar murya.

Sabuwar fassarar ta karkata zuwa ga sunayen da Bahaushe ya sani. Kristi ya koma Almasihu, Yohanna ya koma Yahaya, Misalai ya koma Karin Magana, Ru'ya ta Yohanna ta koma Wahayin Yahaya. Amma Yesu bai koma Isa ba. Masu son Isa sun ce shi ne sunan da kowa ya sani, kuma da shi Isawa suka zo. Masu ƙi suka ce sunan na tafe da aƙidar cewa ba a gicciye shi ba, gicciye kuwa shi ne tsakiyar bangaskiyarsu, Larabawa Kiristoci ma Yasu'u suke cewa. Aka tsaya a tsakiya, sunan daga wannan gefe, laƙabin daga wancan. Kalmar "Ɗan Allah" ba ta taɓu ba, ko da yake ita ce ta fi kowace nauyi a kunnen Musulmi. Masu wa'azi sukan yi bayani cewa ba haihuwa ta jiki ake nufi ba, su kawo misalin ɗan Kano da ɗan hanya, amma a nan bambancin na aƙida ne, babu dabarar mai fassara da za ta shafe shi.

Jama'a ba su saki tsohuwar fassarar nan take ba. Waɗanda suka haddace ayoyinsu da ita sun ga sabuwar kamar an taɓa musu addini, wasu kuma ba su so sunayen da suka yi kama da na Musulmi ba, musamman bayan rikice-rikicen addini da suka soma tsananta daga na Kafanchan a 1987. Sunan Kristi yana nan a sunayen ikkilisiyoyi da cikin Littafin Waƙoƙi, iyaye kuma ba su daina raɗa wa 'ya'yansu Yohanna ba. A majami'a guda mai karatu zai sanar da sura daga Bisharar Yahaya, tsofaffin da ke zaune a gaba su buɗe Yohanna a nasu littafin.